Dangwalen Haladu

Ni ke riƙe da rajistar ma'aikata
a injin casar shinkafa na bakin hanyar Auyo.
Mutum arba'in da bakwai, sunayensu na hannuna,
ni ke kiran su ɗaya bayan ɗaya kowace safiya.

Mai sa hannu ya sa, mai dangwale ya dangwala.
Haladu na Gamsarka bai yi boko ba,
babban yatsansa na dama shi ne alƙalaminsa,
zanensa kamar gonar da aka yi wa huɗa,
kunya-kunya, da ɗan tabon lauje a tsakiya.

Bel ɗin babban inji tsirara yake gudu.
Murfinsa ya tsage tun farkon damina,
bakanike ya jingine shi bayan buhunan dusa.
Sau uku ina rubuta wa Alhaji Lurwanu,
yana cewa, "Malam, bari kaka ta wuce tukuna."
Na ce to. Na mai da takardar ma'ajiya.

Wannan to ɗin ita ke hana ni barci.

Ranar wata Laraba ana jiran motar Kano,
awa goma sha huɗu ba wanda ya zauna.
Ƙaiƙayi ya cika ido, ƙara ta toshe kunne.
Haladu ya miƙa hannu zai janye bakin buhu,
hannun rigarsa mai faɗi, ta sallar bara,
bel ya cafke, ya ja, kamar guga a igiya.

Wanda ya san makunnin ya tafi alwala.
Akwatin magani? Busasshiyar kwalbar aidin
da almakashi mai tsatsa.
Uwale mai turara ta yage haɓar zaninta ta ɗaure.
Muka ɗora shi a babur, ina tallafe da shi ta baya,
jininsa na ɗiga a gwiwata har asibitin Haɗejiya.

Yatsu uku. Har da babban.

Masu jaje suka ce ƙaddara ce, sai haƙuri.
Na yi imani da ƙaddara, ban taɓa musu ba,
amma ƙaddara ba ta kwance noti,
ba ita ta jingine murfi bayan dusa ba,
ba ita ta ce to ta yi shiru ba.
Tun yaro bai faɗa ba ake rufe bakin rijiya.

Mai walda ya ƙera sabon murfi cikin yini guda,
dubu goma sha takwas, har da fenti.
Kuɗin asibiti ya ninka haka sau ashirin.
Alhaji ya biya, kansa a sunkuye,
ya ce, "Saura me?" Na ce, "Zauna, da sauran tafiya."

Yau kowa ya san inda jan makunni yake,
har yaron da ke shara.
Riga mai gajeren hannu, takunkumi, auduga a kunne,
awa takwas a canja hannu, ko mota ta yi fushi.
Ya'u dai har gobe takunkuminsa na ƙasan haɓa,
wai yana hana shi cin goro.
Kullum sai mun yi, ni da shi, kamar wuta da miya.

Haladu ya dawo, shi ke tsaron ƙofa.
Ba ya wa'azi.
In ya ga mai faffaɗan hannun riga zai shiga,
sai ya ɗaga damarsa, shi ke nan,
mutum ya koma ya tuɓe, ba gardama, ba dariya.

Ƙarshen wata ya zo karɓar albashi.
Na tura masa tawada. Ya dube ni, na dubi rajista.
Ya dangwala da hagu.
Baƙon zane, ba tabon lauje,
kusa da wancan na watan jiya.

Shafi ɗaya, zane biyu, mutum ɗaya.
Na naɗe kusurwar shafin.
Duk wanda ya ce mini bari kaka ta wuce,
nan nake buɗe masa, in juya rajistar ta fuskance shi,
in tafi duba tukunyar Uwale,
in bar shi shi da zuciya.